Faranti Goma Sha Ɗaya a Teburin Hedimasta

A waɗannan shekarun unguwar ba ta wuce layi biyu ba: gidajen haya masu rufin kwano, famfo ɗaya, sai makarantar sakandare a ƙarshen titi. A kicin ɗin makarantar ne matar da ake kira Inna Kuku ta yi shekara goma sha tara. Kowane ɗalibi yana da farantinsa mai lamba a gindi, ita kuwa ba ta yarda a zubar da ragowa sai ta duba, domin daga nan take gane wanda ba shi da lafiya.

'Yarta Auta tana aji huɗu lokacin da ta daina ci, ta daina magana, ta riƙa kifa kai a tebur. Hedimasta ya fito da ita gaban taron safe, ya kira ta malalaciya, ya kore ta. Likita ya ce ciwon damuwa ne. Ya ba da magani, ya ƙara da cewa abinci ba ya warkar da shi amma yana tallafawa: wake, ganye, kifi, ƙwai, a kan lokaci, kuma kada ta ci ita kaɗai.

Inna ta kai takardar likitan ofis don a mayar da yarinyar. Hedimasta ya ce shi ma yana da damuwa, ga shi ya zo aiki. Tun daga ranar ba ta sake gaishe shi ba.

A gida takan zauna gaban Auta da kwano ɗaya, ta ce, "Ci loma biyu, uwata, kada in cinye in ɗora miki laifi." A makaranta kuma ta yi wata uku tana haddace lambobin farantan da ke dawowa ba a taɓa ba.

Ranar taron iyaye ta shigo da tire, ta jera faranti goma sha ɗaya a teburin Hedimasta, da abincinsu a ciki. Ta kira lambobin ɗaya bayan ɗaya, da gangan ta fara da ta ɗan shugaban ƙungiyar iyayen.

"Ranka ya daɗe, ga sauran malalatanka. Kore su gaban iyayensu."

Adalci ne a rubuta cewa ta tona asirin yaran da ba su yi mata komai ba. Biyu daga cikinsu sun daina zuwa ɗakin cin abinci. Da aka faɗa mata, ta ce ta sani tun kafin ta ɗauki tiren, kuma ba ta yi nadama ba.

An sauya wa Hedimasta wurin aiki a ƙarshen zangon. Auta tana ci yanzu, tana shan maganinta, wasu ranakun har ita ke gyara ganyen. Sai dai sabon hedimastan ya ce soke kora aikin hukumar makarantar ne, kuma hukumar ba ta zauna ba tukuna. Auta ba ta koma aji ba.