Yaya Haruna da Ƙwallon Bahago

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka sallaci Yaya Haruna a Masallacin Harami. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara takwas tsakaninmu. Makon jiya jikokina suka ja ni Jidda kallon wasan buling, wanda ake mirgina ƙwallo mai nauyi mai ramukan zira yatsu a kan dogon katako don a kayar da sanduna goma masu kama da ƙananan taɓare. Na ga na'ura tana share sandunan tana sake jera su, sai hawaye ya cika mini ido, don aikin da Yaya ya yi ke nan da hannunsa.

A shekarun hamsin na ƙarnin da ya wuce ya tafi gabas, sansanin masu haƙar mai. Turawa su jefa, shi ya dira ya jera, ya mayar musu da ƙwallo. Shekara huɗu ba wanda ya ce masa ungo ka gwada. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Daga inda yake zaune ya gane mai jifa da fushi, ya gane wanda ya ɗauki ƙwallon da ya fi ƙarfinsa don kada a raina shi. Ya dawo unguwarmu ta Hindawiyya da wani fasasshen ƙwallo da suka yar, ya shimfiɗa allunan tsofaffin akwatuna a bayan gidanmu, ya sassaƙa sanduna. Bayan la'asar samarin unguwa su taru, har da masu zuwa don su yi dariya.

Ni ne abin dariyar. Bahago aka haife ni, Baba kuwa ya yi imani da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka ya sa aka raba ni da hagu tun ina ƙarami. Na girma da dama wadda ba ta jin magana. Na fasa kofunan mai shayi a Arfa, na ɓata yadin wani tela, ya kore ni. Ina da shekara ashirin da biyu ba sana'a, Baba har ya yanke shawarar dako ya dace da ni, tunda kai ba shi da dama da hagu. Ni ma na yarda ba ni da amfani, wannan kuwa ya fi korar ciwo.

A wurin wasan ma haka. Yaya ya koya mana taku huɗu, ya ce a bar hannu ya yi lilo, kada a tura. Ya ɗiga gawayi a kan katako kusa da mai jifa, ya ce nan za a kalla, sanduna ba inda za su. Kowa ya gyaru ban da ni. Wata rana ya jefo mini lemo ba zato, na cafe da hagu. Washegari ya kawo guntun icce, ya miƙa mini wuƙar sassaƙa ta ɓangaren hagu.

"Yalla, maza Iliya, yi wa kanka ƙwallo. Mara nauyi, kuma ramukan daidai yatsunka."

Kwana tara na yi ina sassaƙa a ɓoye, ina mamakin yadda wuƙa ke bin abin da nake so.

Ranar da zan gwada shi, ina tsaye da ƙwallon a hagu, sai ga Baba ya ɓullo daga masallaci. Na yi sauri na mayar da shi dama, yatsuna suka ƙi zama a ramukan.

"Ya waladi, ɗana, da hagu? Aibu ne," in ji Baba.

"Baba, ku yi haƙuri, ba ci zai yi da ita ba, ba kuma gaisuwa," in ji Yaya, kansa a ƙasa. Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Kada ka kalli Baba, kada ka kalli sanduna. Gawayin nan kawai."

Na ja numfashi, na taka huɗu, na saki. Bakwai suka faɗi. Da ƙarya zan yi da na ce goma, amma ban taɓa wuce biyu ba kafin ranar. Baba bai dubi sandunan ba ma. Ƙwallon ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya shafa, ya tambayi wanda ya sassaƙa. Yaya ya nuna ni. Bayan kwana uku Baba ya kai ni wurin wani kafinta a unguwar Zahir, na ji da kunnena yana ce masa, "Bahago ne, ka bar shi haka."

Da Yaya zai ga wasan yau, na san sai ya yi tsaki. Ga sanyin na'ura, ga takalma na musamman, ga ƙwallaye jere kowane da nauyinsa, amma yara na rige-rigen ɗaukar mafi nauyi, idonsu a kan allon maki. Zai ce kayan aiki sun ƙaru, natsuwa ta ragu. Sai dai zai ji daɗin abu guda: na ga wata yarinya tana jifa da hagu, mahaifinta na tafa mata.

Yaya bai bar gida ba, bai bar dukiya ba, allunan nan ma tuni aka hura wuta da su. Abin da ya bari shi ne shekara arba'in da na yi ina aikin kafinta, da 'ya'ya tara da na ciyar da hannun da aka ce aibu ne. Kunya irin ta wa da ƙane ta hana ni ce masa na gode har ƙasa ta rufe shi. Yau na faɗa, a jarida, abin da ko yana raye ba ya karantawa. Allah ya jiƙanka, Yaya, na gode.