Madubin Motar Malam

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka 'yata ce take rubuta wannan ina faɗa mata. Na ce in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Malam, mijina, manomi ne. Sama da shekara arba'in muka yi tare a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal yake bi ta bayan gida rani da damina. Shinkafa yake yi, da rani ya ƙara da tumatir da albasa. Duk zamanmu babur ne abin hawansa, sai shekarar da shinkafa ta yi daraja, shi kuma gwiwa ta fara damunsa. Ya tafi Kano da niyyar sayen a-kori-kura ta ɗaukar kaya. Da la'asar sai ga shi da wata 'yar ƙaramar jif 'yar Kwatano, baƙa wuluk, kujerunta na fata, in ya taka ta tana gurnani har awaki su watse.

Na ce, "Malam, ina za a sa kwandunan tumatir?"

Ya ce, "Ke na sayo wa, ba tumatir ba. Shekara nawa kina shan rana a bayan babur?"

"Ai na saba."

"Sabon nan ne ba na so."

Ya so in riƙa zama a gaba kusa da shi, na ƙi. Da tsufana, ga surukai, ga jikoki, gari yana kallo? Na zaɓi kujerar baya, kusurwar dama, nan ya zama wajena.

Ba a yi wata biyu ba muka gane motar nan 'yar gata ce. Man 'yan bumburutu na bakin titi ba ta sha, in an ba ta sai ta kama shessheƙa, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban direba. Tayoyinta faffaɗa ne amma ba kauri, an yi su don kwalta, hanyar gonarmu kuwa duk ramuka, guda biyu suka fashe a damina ɗaya. Kullum da safe akwai ɗigon baƙin mai a ƙasa inda ta kwana. Wata rana a hanyar Garun Mallam ta zubar da ruwanta gaba ɗaya, hayaƙi ya tashi, aka ce famfon ruwanta ne ya tsage. Bakaniken garinmu, wanda yake gyara mana injin ban-ruwa, ya buɗe gabanta ya leƙa, ya mayar ya rufe a hankali.

Ya ce, "Baba, wannan ba sa'ata ba ce. Sai Kano, wajen masu kwamfuta."

A Kano kuma sai a ce kayan sai an aiko daga Legas, ta yi mako uku a gareji. Ni ban san lissafin takarda ba, da buhun shanshera nake aunawa, shinkafar da ba a casa ba. Birki kaɗai ya ci abin da za mu ci wata biyu. In na yi magana sai ya ce, "Hajiya, amarya ce, a yi mata haƙuri." In ce amaryar da ba ta tuwo sai ci.

Abu ɗaya da na riƙa yi masa tsiya a kai shi ne baya da mota. Gaba dai lafiya lau, amma in zai ja da baya sai an yi ɓarna. Ya kwantar da dangar maƙwabci, ya fasa mini randa, sau ɗaya har tayar baya ta faɗa magudanar ruwa, sai da masu dashen shinkafa suka fito da taɓo a ƙafa suka ɗaga ta. Kullum ya ce ƙarar da motar take yi ce take ruɗa shi.

Bara ya kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Daga tsakar gida ta kan katanga ina hango rufin motar a gindin darbejiya. Kullum rufin yana ƙara yin ƙasa. Ashe ƙafafunta da iska suke tsaye, iskar kuma tana zurarewa. Ranar da na fita na same ta ta durƙusa, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ɓeraye sun ci wayoyinta. Na dafa ta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya ce tumunina zai iya zama motar, ko kuma 'yar gonar da take bakin kanal, wadda ruwa yake fara isa. Na ce motar nake so. Babban ɗana, ɗan fari, wanda ba na kiran sunansa, ba na kuma haɗa ido da shi tun yana goye, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Inna, gonar nan ita za ta ciyar da ke. Wannan kuwa ke za ki ciyar da ita, kuma ba ta ƙoshi."

Na ce na ji, ita nake so. Na san gaskiya ya faɗa. Amma warin turarensa yana cikin kujerun nan, carbinsa yana rataye, ba zan iya ganin wani ya tafi da ita ba.

Aka ɗage rabon. Yaran suka haɗu suka kira bakanike daga Kano, ya yi kwana biyu a kanta, ya sa batir, ya ɗaura wayoyi, ta miƙe. Da zai tafi ya ce mini, "Mama, na tashe ta, amma giyarta ta fara fizga. In ta tsaya, gyaran zai kai kuɗin gona." Na yi kamar ban ji ba.

Washegari da hantsi babban ya ce in zo a gwada ta zuwa Kadawa. Na shiga kusurwata. Ya zauna a wajen direba, ya danna wani maɓalli a jikin ƙofa, kujerar ta ja da baya da kanta ta tsaya daidai yadda ubansa yake zama, don tsawonsu ɗaya. Ya miƙa hannu zai gyara madubin da yake sama, na tsakiya, sai ya tsaya da hannun a sama.

Ya ce, "Inna, ɗago kanki."

Na ɗago. A cikin madubin na ga idanu biyu suna kallona, idon Malam sak, har da jan nan na gefe.

Ya ce, "Madubin nan ba ya ganin hanya ko kaɗan. Wajen zamanki kawai yake nunawa."

Sai dangar maƙwabci ta faɗo mini, da randata, da masu dashe suna nishi a magudana. Shekara uku ina ce masa bai iya baya ba, bai taɓa kare kansa da gaskiyar ba. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka, yaron ma ya kifa kansa a sitiyari. Ranar ce na fara kallon ɗan farina ido cikin ido, ban kuma kau da kai ba.

Ba mu je Kadawa ba. Da na natsu na ce ya gaya wa malamin cewa gonar zan karɓa. Mutumin da bai so in sha rana ba, ba zai so in rasa tuwo saboda ƙarfe ba.

Aka sa motar a kasuwa. Ranar da mai saye ya zo, na ce a dakata. Na buɗe ƙofar direba, wajen da ban taɓa zama ba, na cire carbin na sa a wuya. Sannan na kama madubin da hannuna na juya shi ya kalli hanya. Ban so baƙo ya zauna nan yana kallon wajena.

Shinkafar gonar ta yi kyau bana. Da ƙafa nake zuwa duba ta, da sassafe, kafin rana ta yi zafi.