Fitilar da Taubashiyata ke Kashewa

Ranar da munka kai ragon suna Dogon Kiriya ba za ta fita raina ba har in bar duniya. Mu shida ne: ni, da babban ɗana mai tuƙi, da ƙanen mijina, da maƙwabtanmu mata biyu, sai taubashiyata, mace mai jiki, wadda ba ta shiga mota sai an turo ta daga baya. Ragon ne na bakwai. Ɗiyata ce ta haihu, kuma da asuba za a raɗa suna.

Motar tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, da benci biyu na ƙarfe. Fitilunta na baya sun daɗe suna wasa da ɗana, yau su kama, gobe su ƙi. Sau uku yana kai ta garaj. Bakanike ya sauya ƙwan fitila, ya taka birki, wuta ta kama jawur, ya ce lafiyarta lau. Ƙanen mijina kuwa ya rantse aljana doguwa ce ta shiga motar.

Bayan la'asar munka iso shingen jandarmomi a bakin Dogon Dutsi. Jandarma ya zagaya baya, ya ce babu wuta. Munka sauka duka, ɗana ya taka birki, wuta ta kama. Ya ce mu tafi. Munka hau, ba mu yi taku goma ba ya busa usur. Haka har sau biyu. Ransa ya ɓaci.

"Wasa kuke da ni? Motar nan a nan za ta kwana!"

Ɗana ya shiga "Shef, don Allah", ƙanen mijina ya shiga tofa addu'a. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma na yi shekaru ina gano kazar da ke shan ƙwai a gidana, kuma ba da roƙo nake gano ta ba.

Na ce wa jandarman, "Ɗana, zo tsaya nan kusa da ni." Ya dube ni, ya zo. Na ce wa nawa ɗan ya taka birki, kada ya ɗaga ƙafa. Na sa kowa ya sauka, sannan na sa anka hau ɗaya bayan ɗaya. Rago ya hau, wuta na nan. Maƙwabta sunka hau, tana nan. Ƙanen mijina ya hau, tana nan. Taubashiyata ta ɗora jikinta kan bencin hagu, wuta ta ɗauke ɗif.

Na ce mata, "Tashi!" Wuta ta kama. "Zauna!" Ta mutu.

Na ce, "To, ga doguwarku nan, sai dai gajera ce."

Ta ce, "Ke, busasshiyar kuka! Hassadar jikina ce ke cinki tun muna ƴammata."

Jandarman ya yi dariya har ya dafa mota. Ɗana ya leƙa ƙarƙashi, ashe wani mai gyara ne ya taɓa ɗaure wayar fitilun a ƙafar bencin. In nauyi ya danne, bencin ya lanƙwashe, wayar ta saki ƙarfe. Munka maida taubashiyata gaba kusa da direba, tana ta yanga, jandarma ya ɗaga mana shinge. Kafin isha muna gidan ɗiyata.

Abin da na koya ke nan: ba a duba lafiyar abu yana wofi. Mota ko mutum, sai kaya na kansa ake ganin inda yake saki.

Washegari, ana gama raɗa suna, na tasa ɗana gaba zuwa wurin bakaniken garin, na zaunar da taubashiyata kan bencin hagu, na ce kada ta motsa sai an ɗaure wayar a jikin mota wuta ta tsaya. Ta ce ba ta aikin banza, sai an ba ta hantar ragon. Na ba ta rabi.