Tsutsar da Ta Jira Damina a Cikin Tunkiyar Kaka

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, shekarar da tunkiyar kakata ta kusa mutuwa a hannuna ba za ta fita daga raina ba. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, muna zaune a Mandera. Ni irin yarinyar nan ce da ko a aji ba ta ɗaga hannu, sai dai kallo. Na san kazar da ke ɗingishi a gidanmu tun kafin kowa ya lura, amma ba na faɗa.

Kaka tana da wata farar tunkiya mai baƙin kunne ɗaya, tana ɗauke da ciki. Da bazara ta yi nisa, aka kira Kaka zuwa garin Dingyadi ta yi jinyar ƙanwarta, sai ta damƙa mini amanar tunkiyar. Doka ɗaya ta kafa mini. A wajenmu kowa ya yarda sabuwar ciyawar ruwan farko ita ke kawo wa dabba ciwon ciki, don haka ake ɗaure su a turke har ciyawa ta yi ƙarfi.

"Ko ƙwara ɗaya kar ta ɗanɗana," in ji ta. "Harawa da dussa, shi ke nan. Kin jiya?"

Na gyaɗa kai.

Wallahi na kiyaye. Kullum kafin in tafi makaranta sai na duba igiya, na dawo na sake dubawa. Da aka yi ruwan farko, 'yar ciyawar da ta tsiro gindin katanga ma da hannuna na tuge ta. Duk da haka tunkiya ta fara ramewa. Ƙasan haɓarta ya kumbura kamar an ɗura masa ruwa, ta daina tashi idan ta ji ƙarar kwanon dussa. Wata safiya na ja fatar idonta ƙasa, na ga cikin ya yi fari fat, alhali na san da ja ne. Na tsaya ina kallonta, tana kallona, na rasa ta ina abin ya shigo.

Ranar da Kaka ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi turke. Ta daɗe a tsugune.

"Ke, ina kinka kai ta?"

"Ba ko'ina, Kaka."

"Ba ko'ina? To ciwon daga sama ya sauko da lema? Kin sake ta kin tahi wasan gaɗa, hwaɗa mini gaskiya!"

Na yi shiru, hawaye na zuba. A gidanmu shiru amsa laifi ne. Abin da ya fi ruɗa ni, ni kaina na fara zargin kaina. Ko na yi mantuwa wata rana? Ko iska ta kwaso ciyawa ta jefo mata? Kwana uku Kaka ba ta tsokane ni ba, ita da ba ta iya wuni ba ta ce mini mai kan ƙwarya ba.

Ranar kasuwar Shagari kawuna ya ɗora mu a amalanken shanu, ni na riƙe kan tunkiyar a cinyata. Akwai wani malamin dabbobi mai furfura da ke zama ƙarƙashin bishiyar bedi a gefen kara, inda ake sayar da dabbobi. Kaka ta fara zayyano masa laifina tun kafin ya taɓa dabbar. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ji bakina ya ce, "Malam, cikin idonta fari ne."

Ya juyo ya dube ni, ya ja fatar idon, sannan ya ce, "Wa ya koya miki duba nan?"

"Ba kowa."

"Inna," ya ce da Kaka, "ɗiyar nan ba ta yi ƙarya ba. Tsutsar ciki ce ke shan jininta, kuma ba ta bana ba ce. Tun ƙarshen daminar bara ta haɗiye ta a kiwo."

Kaka ta riƙe haɓa. "Bara? Ashe a hannuna ne? To duk ranin ga mi tsutsar take ci?"

"Ba ta cin komai, Inna. Kwance take."

Ya bayyana mana cewa tsutsar siririya ce kamar zare. Ƙwanta yana fita cikin kashin dabba, amma in ya faɗo kan ƙasar rani, rana ta gasa shi nan take. Saboda haka ƙananan sai su lafe a bangon tumbi, su daina girma, wata da watanni. Idan damina ta matso, musamman in dabba na da ciki jikinta ya yi rauni, sai su farka gaba ɗaya. Ya ce tun zamanin da, masu gaggawar yin ƙwai da rani zuriyarsu ta ƙare, masu jira su suka bar baya, shi ya sa na yanzu duk sun gaji jiran.

Ni dai kaina ya ƙara kullewa. Na ce, "Malam, suna cikin duhun ciki, ya suke sanin ruwa ya kusa?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wannan ko waɗanda sunka koya mini ba su gama ganewa ba. In kin gano, ki zo ki sanar da ni."

Ya ɗura wa tunkiyar magani, ya ce nan gaba a riƙa ba dabbobi tun da rani, lokacin da kowa ke ganin lafiya lau suke. Tunkiyar ta tashi, amma ɗan da ta haifa bai kwana biyu ba. Kaka ba ta taɓa ba ni haƙuri da baki ba. Da tunkiyar ta sake haihuwa, sai kawai ta miƙo mini igiyar 'yar, ta ce, "Ungo, mai kan ƙwarya. Ki riƙa duba mata ido."

Har yau ban samo amsar da zan kai wa malamin nan ba. Amma na koyi cewa abin da ya ɓace wa ido ba lalle ya mutu ba, wani jira yake yi. Na kuma koyi cewa da na buɗe baki tun safiyar da na ga farin idon nan, wataƙila da ɗan tunkiyar ya rayu. Tun daga ranar, in na ga abu, ina faɗa, ko da muryata na rawa.