Sallar da Babu Gawa a Gaba

Yau na ji an yi sallar ga'ib a masallacin unguwa, sai na kasa zama wuri ɗaya. Tsohon limaminmu na unguwar Bani Malik ne ya faɗo mini a rai.

Shekarar da yayana ya rasu a aikin soja, can kudu aka binne shi. Kayansa kawai aka kawo mana, suna warin gumi da man bindiga. Inna ta hana a fara zaman makoki. Tana ta kai-kawo a tsakar gida, ta ce ba za ta karɓi gaisuwa ba sai an sallaci ɗanta inda kunnenta zai ji.

Malam ya zo da tsakar rana, rawaninsa ya jiƙe da gumi.

"Hajiya, mu a Malikiyya ba a sallatar gawar da ba ta nan."

"To in yi yaya, Malam? Ko yatsansa ban gani ba."

Ya daɗe yana murza gemu, kamar yadda ya saba in magana ta yi nauyi.

"Halas, shi ke nan. Ni ba zan ja ba, amma maƙwabtanmu Hijazawa suna yi a mazhabarsu."

Da la'asar ya kwashi mazan unguwa zuwa masallacin Hijazawan. Shi da kullum yake gaba, ranar ya shiga sahu. Ni da Inna muna bayan katanga muka ji kabbarorin. Da aka sallame, Inna ta zauna, ta ce a buɗe wa mutane ƙofa.

Allah ya haskaka kabarin Malam, ya sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya wa Inna.