Ɗaukar Auta

Duk gidan, Yaya muke kiranta, har mai gadi da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ba ta da ɗaki a wurinmu. Ƙaninta ne ke ɗakin ƙarshe, can ƙuryar baranda, amma na fi ganinta a kan wasu masu ɗakunan. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana tafiya a ɗan karkace kamar mai ɗauke da bokiti a hannu ɗaya, ko da kuwa ba ta riƙe da komai.

Gidan namu an gina shi ne don naƙasassu su zauna da kansu. Babu matakala ko ɗaya, ƙofofin masu faɗi ne yadda keken guragu zai shige bai gogi bango ba. Famfo, murhu, makunnin wuta, duk an yi su ƙasa-ƙasa daidai hannun wanda ke zaune. Akwai ƙarfen kamawa a banɗaki da gefen gado, akwai kuma jar igiya a duka wuraren biyu, in ka ja ta ƙararrawa ta yi ƙara a ofishinmu. Ni ina cikin masu taimako. Abu na farko da aka koya mana shi ne mu kai hannuwanmu baya mu tsaya. Mutum na fama da maɓallin rigarsa kina kallo, ba za ki taɓa ba sai ya ce ki taɓa. Da farko abin yana ci mini rai. Yanzu kam zan iya kallon mutum yana bin cokali a ƙasa ina tunanin abin da zan dafa in na koma gida. Ban ce abin alfahari ba ne, haka dai aikin ya mai da ni.

Tarihin Yaya a gutsure na same shi, wani daga bakinta, wani daga bakin 'yarta. Ƙanin nata, wanda take kira Auta har yau da furfura ta fara leƙo masa, yana ɗan firamare ya faɗo daga katangar makaranta, daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara motsi ba. Mahaifiyarsu da ma ba lafiyayya ba ce, ba ta daɗe ba ta rasu. Yaya ce ta goya shi har ya gama makaranta. Da aka zo neman aurenta ta ce su biyu ne, wanda ba zai iya ba ya ƙara gaba. Wani direba ya ce ya ji ya gani. Ɗakunan hayarsu a saman bene suke, banɗakin kuma keke ba ya shiga, saboda haka hawa da sauka da wanka duk a bayanta suka ƙare. Ɗinki ta koya don sana'a ce da ake yi a gida. Da cikin fari ta ɗauke shi, da cikin ƙarshe ma ta ɗauke shi. Direban ya rasu, 'ya'ya suka girma suka watse, ya rage daga ita sai Auta a saman benen, shi yana gyaran waya a kan tebur, ita tana ɗinkinta a gefe.

'Yarta ce ta yi ta zirga-zirga har aka ba shi ɗaki a nan, don likita ya ce ƙashin bayan uwarta ya gaji, in ta ci gaba da ɗaukar mutum wata rana ba za ta tashi ba. Yaya ta yarda a yi ƙaura. Ɗaukar ce ba ta yarda ta bari ba.

Ranar da suka zo ta zagaya ɗakin ta leƙa ko'ina. Ta sunkuya ta murɗa famfo, ta miƙe da ƙyar.

"Wannan kuma ɗakin 'yan tsana ne? Komai a ƙasa."

Na ce, "Don ya kai hannu da kansa ne, Yaya."

"Ya kai hannu ya yi me? Ni mutuwa na yi?"

Daga nan kullum motar safe ke kawo ta. Ta rungumo shi ta ƙarƙashin hammata, ta ce "taho", ta juyo da shi daga gado zuwa keke. Da yamma ta dawo ta mai da shi. Mutumin nan ya kusa ninka ta a jiki. Ina tsaye ina jin numfashinta kamar ana jan buhu a kan siminti. Kafin ta fara ma sai ta ɗaure igiyar gefen gado can sama a jikin ƙarfen labule, wai tana shafa mata fuska in ta sunkuya. In ta tafi in kwance igiyar, gobe ta sake ɗaurewa.

Na yi mata magana, shugabarmu ta yi, 'yarta ta yi har da kuka. Ko a jikinta. Ni kuwa kallon malalaciya take yi mini, ba ta kuma ɓoyewa.

"Ke 'yar nan, aikin naki ke nan, tsayuwa kamar soja?"

"Ƙa'idar gidan ce, Yaya."

"Allah ya ba mu irin aikin nan mu ma mu huta."

Na so in mayar mata, don ni ma bakina ba ya mutuwa, amma na dubi bayanta na haɗiye.

Da rana in ba ta nan muna aikinmu ni da shi. Akwai wani ɗan katako mai santsi da ake ɗorawa tsakanin gado da keke. Mutum ya danna birki, ya dafa da hannu biyu, ya zame a kai. Malam, haka nake kiransa, hannuwansa ƙarfi gare su, dama ce kawai ba a taɓa ba su ba. Ya sha zamewa gefe, ya sha zagin katakon har da iyayen wanda ya sassaƙa shi. Ran nan sai ga shi a kan gado ban taɓa shi ba. Ya koma keke, ya sake dawowa, yana dariya har da buga katifa. Can dariyar ta tsaya.

"Anti, kar ki gaya wa Yaya."

"Haba Malam, don ita fa aka yi duk wahalar nan."

"Na sani. Ki bar ni in samo yadda zan faɗa mata."

Ya cusa katakon a ƙarƙashin katifa.

A gidan nan maganar mai ɗaki ita ce magana. Jikinsa ne, yayarsa ce, ba ni da hurumi. Na ja bakina na tsuke. Watanni suka yi ta wucewa bai samo yadda zai faɗa ba. Abin da ya samo daban ne. Yakan tashi da wuri, ya shiga kekensa, ya dafa shayi ya sha a bakin taga, ya wanke kofin ya goge shi tas, sannan ya koma gado ya ja bargo kafin motarta ta iso. Ta zo ta same shi kwance yadda ta bar shi jiya. In ta ɗaga shi yakan ɗan dafa gado a sace don ya rage mata nauyi, ita kuwa sai ta make hannun.

"Saki jikinka, za ka kayar da mu."

Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Malam, wai sai yaushe? Sai ta karye?"

Yana duba wata waya da ya buɗe, bai ɗago ba. "Kin san abin da take cewa in ta ajiye ni? Ta ce, to na gama da kai, bari in je in yi sauran. Sauran me? Ɗinkin ma ido ya ƙi, ba mai kawo mata yanzu. Babu sauran komai, Anti. Ni ne kawai."

Na ji haushinsa, na ji haushinta. Daga baya haushin ya kwanta, na koma ina shiga ɗakin ina fita kamar kowane ɗaki.

Da safiyar da abin ya faru ina ofis sai ƙararrawa ta yi ƙara, daga banɗakin ɗakin ƙarshe. Ban yi gudu ba, don muna da wani tsoho da ke rataya tawul a igiyarsa kusan kullum, kunnena ya saba. Sai da na tuna ɗakin wa ne na ɗaga ƙafa.

Malam na samu a kekensa bakin banɗaki, igiyar a hannunsa bai sake ta ba. Yaya tana ƙasa tsakanin gado da bango, kwance a gefe ɗaya, kuncinta a kan tayil. Daga baya ya gaya mini yadda aka yi. Ta ɗago shi rabi, ta yi wani ɗan sauti, ta lallaɓa ta mai da shi bakin gado, sannan ta naɗe ƙasa. Ya yi kira, ƙofa a rufe, ba wanda ya ji. Wayarsa tana can kan tebur. Igiyar gado tana sama inda ta ɗaure ta da hannunta. Ya dube ta, ita ma tana dubansa, ya ɗaga katifa ya jawo katakon.

Na durƙusa na ce kar ta motsa, na kira motar asibiti. Muka zauna jira. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi nishi ba. Idonta na kan katakon da ke yashe a bakin gado.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Tun yaushe?"

Ya saki igiyar, ya dubi katakon.

"Da kai nake."

"An ɗan jima, Yaya."

"Kwanaki ko watanni?"

"Watanni."

Ta juyo da ido kaina, don wuyan ba ya juyuwa. "Ke kika koya masa?"

"Shi ya koya. Ni tsayawa kawai na yi."

"Madalla," ta ce. Babu gatse a ciki, babu murna, kamar dai an gaya mata ƙarfe nawa.

Masu motar suka iso, maza biyu, suka shimfiɗa gadon ɗaukar mara lafiya a gefenta. Da suka kama ta za su ɗaga sai ta ƙanƙame hannun ɗayan.

"Ku yi a hankali, 'yan samari. Ban saba ba."

An yi mata aiki, ta jima a asibiti, daga can aka wuce da ita gidan 'yarta. Benen ma an mayar wa mai shi. Malam ya je duba ta a motar gidanmu, ya dawo ya ce gaisuwa kawai suka yi, sauran lokacin talabijin suka kalla. A nan kuwa komai nasa ya miƙe. Yana tashi, yana wanka, yana fita har bakin titi ya karɓi wayoyin gyara. In baƙi suka zo ganin gidan, ɗakinsa shugabarmu ke fara kai su. Gaskiya ce kuma, ya yi ƙoƙari, dalilin gina gidan ke nan. Ni dai in ana tafa masa nakan sami abin yi a wani ɗakin.

Wata hantsi ya ce in zo in taya shi canza zanen gado. Muna cikin yi muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ya ce a shigo, ba a shigo ba. Ya tura kekensa ya buɗe. Yaya ce tsaye da sanda, cikin kayan fita unguwa, jaka a hammata. Ban taɓa ganin matar nan ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ba.

"Yaya! Ke ce kike tsaye a waje?"

"Na ce ko kana da mutane."

Ta gaishe ni da kyau, har da tambayar yara. Ta zauna a gefen kujerar baƙi, ta ɗora jakar a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ya kawo mata ruwa, ta karɓa ta ce ta gode. Ta tambaye shi aiki, ya ce alhamdulillahi. Ya tambaye ta baya, ta ce da sauƙi. Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta dubi tebur, ta ce ɗakin nasa ya yi kyau. Daga nan magana ta ƙare. Na ci gaba da gyara kusurwar zanen da na riga na gyara.

Ba ta shanye ruwan ba ta ajiye kofin, ta lalubo sandarta.

"Bari in koma, kar in hana ka aiki."

"Haba Yaya, yanzu fa kika zo. Ki ɗan ƙara zama mana."

Ta tsaya da sandar a hannu, ta dube shi.

"In zauna in yi me, Auta?"

Ba faɗa take yi ba, tambaya take, ta kuma jira amsa. Ya dubi sandar. Ya juyo ya dube ni, na koma kan zanen gado. Ta ɗan ƙara jira, sannan ta dafa sandar ta miƙe.