Hannun Usta Garib na Rashid

An haifi Garib Abdussattar a shekarar 1941 a garin Rashid, inda kogin Nilu yake zuba cikin teku. Mahaifinsa, Abdussattar Shahata, masassaƙin jiragen kamun kifi ne, mahaifiyarsa Zakiyya kuwa kifin gishiri take sayarwa a bakin gaɓa.

Ƙuruciya da koyon sana'a

Ya yi shekara uku a makarantar allo, ya fito da abin salla, bai kuma ƙara riƙe alƙalami ba har ya bar duniya. A wurin mahaifinsa ya koyi zaɓen itacen bagaruwa da awon jirgi da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. A shekarar 1958 wani gungume ya kuɓuce ya karya masa hannun dama, mai ɗori ya ɗora, hannun ya warke da ɗan gajarta. Garib ya ci gaba da awo da shi, babu wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Aure da iyali

Ya auri Nawal Mitwalli, tela, a shekarar 1966. Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Ta uku, Najat, ta karanta injiniyancin jiragen ruwa a Iskandariyya ta kammala a 1997, uban yana alfahari da ita a bayan idonta, a gabanta kuwa yana tsokanarta da cewa jirginta na takarda ko jiƙa ba ya yi.

Bunƙasar masana'anta

Bayan rasuwar mahaifinsa a 1972 ya gaji filin ƙirar jiragen da laƙabin Usta, wato babban gwani, a lokacin da kifi ya yi ƙaranci a bakin kogin, masunta suka daina sayen jirage. Masassaƙan jirage da dama sun watse. Shi ya juya ga jiragen yawon shaƙatawa na Bahar Maliya, kafin shekarar 1995 ma'aikatansa sun kai sittin. Mu mutanen Rashid muna da cika baki, amma a kan jiragensa ba mu ƙara gishiri ba: ba a taɓa jin ɗaya ya kife ba.

Jirgin Girka

A shekarar 2003 wani attajiri daga Girka ya ba shi aikin jirgi, na farko da zai fita ƙasar waje daga filin. Aka gama, sai jami'in bincike ya ce babu zane, babu takardar shaida, jirgin ba zai bar gaɓa ba. Usta bai taɓa zana komai ba. Najat ta zaunar da shi, yana faɗin awo daga ka, ita tana juya kowane kamu zuwa santimita hamsin da takwas, kamar yadda littafinta ya nuna. Da jami'in ya ja tef ɗin awo a jikin jirgin, zanen ya fi jirgin tsawo da mita shida da ɗoriya. Ya ba su mako guda, in ba haka ba cinikin ya mutu, kuma kowa ya san ba wani baƙo da zai sake leƙo filin.

Uba da 'ya suka yi kwana uku ba sa ga maciji. A rana ta huɗu, ana cin shinkafa da kifi, Nawal ta ce, "Ke da digirinki, shi da taurin kansa! Shekara talatin da bakwai ina rage hannun dama na jallabiyarsa. Wa ya ce miki kamunsa irin na mutane ne?"

Washegari Najat ta auna hannun mahaifinta a gaban ma'aikata, ya tashi santimita arba'in da bakwai. "To, Injiniya," in ji Usta, "yau ni ne jirgin. A shafa mini fenti ko a bar ni haka?" Ta sake zanen, ya dace da jirgin daidai wa daida. Ranar 9 ga Mayu, 2004 aka yanka rago, aka tura jirgin ruwa. Mun yi murna ƙwarai a ranar.

Shekarun ƙarshe

Daga nan masu saye suka riƙa zuwa daga Libiya da Sudan da ƙasashen Larabawa na gabas. A 2010 Najat ta shigo da ƙirar jiragen ƙarfe, Usta ya yi gunaguni wata guda sannan ya miƙa mata filin. Ta sa aka zuba sandar tagulla daidai tsawon kamunsa, aka rataye a ƙofa, kuma da ita ake fara awon kowane jirgi kafin a ɗauko tef.

Rasuwa

Ya rasu ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2019, yana da shekara saba'in da takwas. Aka sallace shi bayan la'asar. Tsofaffin ma'aikatansa suka karɓi aikin haƙa daga hannun mahaƙa, suka auna kabarin da sandar, kamu huɗu cif. Allah ya jiƙansa.

Ya bar matarsa Nawal da 'ya'ya huɗu: Rajab, Shahata, Injiniya Najat da Ihsan, da jikoki goma sha ɗaya. A ranar da ya rasu jirage uku na kan gini, an riga an auna su da sandar kamun hannunsa.